John Coleman: Gwanin Ƙwallon Ostareliya Da Gwiwa Ta Tsayar Yana Ɗan Shekara 25

Ran Asabar, 5 ga watan Yuni na shekarar 1954, dubban mutane suka taru a filin wasa na Windy Hill da ke unguwar Essendon, cikin birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya, don kallon karawa tsakanin kulob ɗin Essendon da na North Melbourne. Galibinsu kuwa mutum ɗaya suka zo kallo, wani dogon saurayi mai lamba 10 a bayan riga, wanda ake kira John Coleman. Mako guda kafin wannan rana ya ci ƙwallo 14 shi kaɗai a wasan da suka yi da kulob ɗin Fitzroy, abin da wani ɗan wasan Essendon bai taɓa yi ba kafinsa, kuma har yau ba a sami wanda ya maimaita ba. A wannan rana ma ya riga ya ci biyar. Ana cikin haka sai ya nufi ƙwallo, ya faɗi, ya kasa tashi. Gwiwarsa ce ta goce. Aka ɗauke shi aka fitar da shi daga fili, ba wanda ya san cewa wasansa na ƙarshe ke nan aka gani. Shekarunsa 25 da haihuwa a lokacin.

Idan aka haɗa dukan wasannin da Coleman ya buga wa Essendon tun daga farko har zuwa wannan rana, 98 ne kacal, cikin shekara biyar da 'yan makonni. Akwai 'yan wasa da dama a ƙasar da suka buga fiye da 300, aka kuma manta da su. Shi kuwa, bayan shekara 70 da ɗoriya, sunansa ne ke kan lambar yabon da ake ba wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kowace shekara. Labarinsa ya nuna abu biyu: irin abin da gwani ke iya yi cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, da kuma yadda sana'ar da ta dogara ga lafiyar jiki take iya yankewa rana tsaka, ba sallama.

Wane Irin Wasa Ne?

Kafin a shiga labarin mutumin, ya kamata a ɗan bayyana wasan, domin ya sha bamban da tamaular da aka saba gani. Shi wannan ƙwallo na Ostareliya a Melbourne aka haife shi. Cikin 1858 wani ɗan wasan kurket mai suna Tom Wills ya ba da shawara a kafa kulob na ƙwallo don 'yan kurket su riƙa motsa jiki a lokacin hunturu, sa'ad da ba su da wasa. Cikin 1859 shi da waɗansu abokansa suka zauna suka rubuta dokokin farko. Da yake a filayen kurket aka fi buga shi, sai filinsa ya zama mai siffar ƙwai, tsawonsa daga mita 135 zuwa 185. Ita ma ƙwallon siffar ƙwai gare ta, kamar ta wasan zari-ruga.

Kowane gefe yana da 'yan wasa 18 a cikin fili. Babu raga, babu mai tsaron gida. A kowane ƙarshen fili an kafa dogayen sanduna huɗu a jere, biyu na tsakiya sun fi na gefe tsawo. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin sandunan tsakiya ba tare da wani ya taɓa ta ba, ya ci cikakken ci ke nan, mai maki shida. Idan ta bi ta gefe, ko ta bugi sandar tsakiya, ko wani ya taɓa ta kafin ta wuce, maki ɗaya ake bayarwa. An yarda ɗan wasa ya ɗauki ƙwallo a hannu ya yi gudu da ita, amma a dokar yanzu tilas ya buga ta da ƙasa a kowace mita 15. Ba a jifa da ita, sai dai a naushe ta da dunƙulen hannu zuwa ga abokin wasa, ko a buga da ƙafa. Ana raba wasan kashi huɗu, a kuma sake gefe bayan kowane kashi.

Abin da ya fi ƙayatar da 'yan kallo shi ne cafka. Idan aka bugo ƙwallo daga nesa, wanda duk ya cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, alƙalin wasa zai busa, a ja baya a ba shi dama ya buga ba mai taɓa shi. Saboda haka sai ka ga mutum biyar ko shida sun yi tsalle gaba ɗaya, wani ma har ya taka kafaɗar wani da gwiwa don ya ƙara tsawo. Mai tsayawa can gaba a bakin sanduna, watau babban maciyin ƙwallo, aikinsa ke nan: ya kuɓuce wa mai gadinsa, ya cafe, ya ci. Wannan shi ne gurbin Coleman.

A zamaninsa babbar gasa ita ce ta Jihar Victoria, wadda ake taƙaita sunanta da VFL, aka kuma fara buga ta cikin 1897. Kulob 12 ne ke cikinta a lokacin, 11 a unguwannin Melbourne, ɗaya a garin Geelong. Cikin 1990, bayan ta bazu zuwa sauran jihohi, aka sake mata suna zuwa AFL, yanzu kuwa kulob 18 ke fafatawa a cikinta.

Yaron Hastings

An haifi John Douglas Coleman ran 23 ga watan Nuwamba, 1928, a Port Fairy, wani ƙaramin gari na bakin teku a kudu maso yammacin Jihar Victoria. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu iyalinsu suka koma Melbourne, inda ya yi karatu, daga baya kuma suka zauna a Hastings, wani gari mai nisan kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da birnin. A kulob ɗin wannan gari ne ya fara yin suna.

Shugabannin Essendon sun san da shi tun 1946, sun kuma gayyace shi ya zo ya yi atisaye da manyansu, amma suka ga ya yi ƙuruciya. Sau biyu yana zuwa gwaji a farkon shekara, sau biyu ana mai da shi Hastings. Can kuwa ya yi abin da ya sa dole a waiwaye shi, domin cikin 1947 da 1948 ya ci ƙwallo 296 a wasa 37, watau takwas a kowane wasa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da shekarar 1949 ta kama, Essendon ta saka shi cikin manyan 'yan wasanta, a ƙarƙashin shugabancin Dick Reynolds, wanda shi ne kyaftin kuma shi ne mai koyarwa.

Ɗari A Shekarar Farko

Wasansa na farko da kulob ɗin Hawthorn aka yi shi, cikin watan Afrilu na 1949, a Windy Hill. Yana ɗan shekara 20, ya ci ƙwallo 12. Tun da aka kafa gasar ba a taɓa samun baƙon ɗan wasa da ya ci haka a ranar farko ba, har yau kuma ba a samu ba.

Coleman ba ƙato ba ne idan aka gwada shi da masu gadinsa. Tsawonsa santimita 185 ne, nauyinsa kimanin kilo 80. Waɗanda suka gan shi sun fi ambaton abu uku game da shi. Na ɗaya saurin zabura, domin yakan tsaya kamar ba ruwansa, sai kawai ya fizga ya bar mai gadinsa a baya. Na biyu tsalle, wanda yakan yi ko da ba shi da filin ɗaukar gudu, ya haye bisa taron mutane ya ƙwace ƙwallo. Na uku kuwa saiti, ƙwallo in ta shiga hannunsa a kusa da sanduna da wuya ta kauce. Yakan sa riga mai dogon hannu, baƙa mai jan ratsi irin ta Essendon, ya naɗe hannuwan zuwa gwiwar hannu, har samari suka riƙa kwaikwayonsa. Wani abin mamaki kuma shi ne, duk lokacin da aka sake gefe, sai a ga ɗimbin 'yan kallo sun kwasa sun zagaya zuwa ɗaya ƙarshen filin, don su tsaya a bayan sandunan da zai nufa. Ba magoya bayan Essendon kaɗai ke yin haka ba.

A ƙarshen wannan shekara Essendon ta kai ga babban wasan ƙarshe na cin kofi, wanda ake yi a babban filin kurket na Melbourne. Abokiyar karawarta ita ce Carlton. Coleman ya shiga fili yana da ci 94. Da kashi na huɗu ya zo, nasara ta riga ta tabbata ga Essendon, sai 'yan'uwansa 'yan wasa suka duƙufa ga neman sa da ƙwallo ko ta halin ƙaƙa. Ana dab da tashi ya ci ta shida, ta cika 100 cif. Essendon ta ɗauki kofi da maki 125, Carlton na da 52. Shi kaɗai ne a tarihin gasar ya taɓa cin ƙwallo 100 a shekararsa ta farko, kulob ɗin kuma ya zaɓe shi gwarzon ɗan wasansa na shekara.

Cikin 1950 ya ƙara a kan haka, ya ci 120. Essendon wasa ɗaya tak ta faɗi a duk tsawon shekarar, ta kuma sake ɗaukar kofi bayan ta doke North Melbourne da maki 92 da 54. Saurayi ɗan shekara 21 ke nan da kofi biyu da ci 220 cikin shekara biyu.

Hukuncin 1951

To, amma gwani ba ya rasa masu neman kassara shi. Masu tsaron baya da suka ga ba su iya cim masa da gudu ko da tsalle, sai suka koma ga riƙon riga, da naushi ta bayan alƙali, da baƙar magana. A wancan zamani alƙalin fili ɗaya ne tak, yana kuwa bin ƙwallo ne, saboda haka abin da ake yi wa mai tsayawa can bakin sanduna sau da yawa ba ya ganinsa. Coleman kuma mutum ne mai zafin zuciya.

A wasan ƙarshe na zagayen shekarar 1951, Essendon ta je gidan Carlton. Ita Carlton ba ta da sauran rabo a gasar, Essendon kuwa tana shirin shiga wasannin fid da gwani, tana neman kofi na uku a jere. Ana cikin wasa wani ɗan Carlton mai suna Harry Caspar ya naushi Coleman, shi kuwa ya rama nan take. Aka rubuta sunayensu duka biyu. Bayan 'yan kwanaki kwamitin ladabtarwa na gasar ya zauna, jama'a suka cika titi suna jiran sakamako. Da yawa sun ɗauka za a yi wa wanda aka tsokana sassauci. Kwamitin bai bambanta mai tsokana da mai ramuwa ba, ya dakatar da kowannensu wasa huɗu. Coleman ya fito yana kuka, hoton da aka ɗauka a daren nan yana cikin sanannun hotuna na tarihin wasan.

Hukuncin a takarda daidai yake, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne. Caspar bai yi asarar komai ba a wannan shekara, tun da kulob ɗinsa ya riga ya fita. Essendon kuwa ta shiga fagen fama babu mashinta. Duk da haka ta yi ta maza, ta doke Footscray, ta doke Collingwood da maki biyu, ta kai wasan ƙarshe da Geelong. Ƙarancin 'yan wasa ya kai har Dick Reynolds, wanda ya riga ya ajiye takalma a ƙarshen 1950, ya sake sa riga ya zauna a benci a matsayin ɗan canji, ya kuma shiga fili a kashi na ƙarshe. Geelong ta ci da maki 81 da 70. Ratar maki 11 ke nan, abin da bai kai ci biyu ba, alhali mutumin da yakan ci fiye da biyar a kowane wasa yana zaune a waje yana kallo.

Daɗin daɗawa, babban maciyin ƙwallon Geelong a ranar, George Goninon, tsohon ɗan Essendon ne wanda ya bar kulob ɗin domin ba shi da gurbi muddin Coleman na nan. Shi ne ya ƙare shekarar da ci 86, ya wuce 75 ɗin da Coleman ya tsaya a kai. Har yau magoya bayan Essendon suna kallon kofin 1951 a matsayin wanda aka rasa a ɗakin kwamiti tun kafin a shiga fili. Waɗansu kuma suna cewa laifin ba na kwamiti kaɗai ba ne, domin wanda ya san duk idon abokan gaba a kansa yake, bai kamata ya ba su abin da suke nema ba.

Shekara Biyu Da Rabi Na Ƙarshe

Cikin 1952, shekarar da aka yi ruwan sama mai yawa filaye suka zama taɓo, Coleman ya ci ƙwallo 103 a wasa 18, ko da yake kulob ɗinsa bai kai ga wasannin fid da gwani ba. A cikin watan Yuni na shekarar aka kai wasan Essendon da Geelong can birnin Brisbane don a tallata gasar a wata jiha, aka buga shi da dare a ƙarƙashin fitilu, wanda shi ne karo na farko da aka yi haka a wasan neman maki na gasar. Coleman ya zura wa masu riƙe da kofin ƙwallo 13. Cikin 1953 ya ci 97. A 1954 kuwa ya fara da ƙarfin da ya fi na kullum, ya ci 42 a wasa shida, watau bakwai a kowane wasa. Yana kan ganiyarsa ke nan ranar 5 ga watan Yuni ta riske shi.

Jimillar abin da ya ci ita ce 537 a wasa 98. Idan aka raba, ya kama 5.48 a kowane wasa. Sau 12 yana cin ƙwallo goma ko fiye a wasa ɗaya.

Me Ya Hana Shi Dawowa?

Amsa ta farko tana ga likitoci. Gwiwa gaɓa ce da jijiyoyi masu ƙarfi suke ɗaure da ita ciki da waje, da guringuntsi a tsakanin ƙasusuwa mai hana su gogar juna. Idan ta goce, galibi jijiyoyin nan sukan tsinke, guringuntsin kuma ya yage. A shekarun 1950 babu na'urar da ke nuna hoton jijiya daga waje, hoton ƙashi kawai ake iya ɗauka. Likita sai ya tsaga gwiwar kafin ya ga abin da ya ɓaci, abin da aka fi yi kuwa shi ne a cire guringuntsin da ya lalace, a ɗaure ƙafa da filasta makonni da yawa, har naman cinya ya tsotse. An yi wa Coleman aiki, amma gwiwar ba ta koma yadda zai amince da ita ba. Mutumin da duk gwanintarsa ta dogara ga zabura da tsalle da dira, in ya rasa amincewa da gwiwa ya rasa jari.

Yau al'amarin ya sake. Likitoci suna leƙa cikin gwiwa da ɗan siririn madubi ta ƙaramar kafa, dabarar da wani likitan Japan mai suna Masaki Watanabe ya inganta a shekarun 1950 da 1960. Suna ɗebo jijiya daga wani wuri a jikin mutum su maye gurbin wadda ta tsinke, ɗan wasa kuma yakan koma fili bayan kimanin shekara guda. Ko tazarar shekara 20 ma ta nuna bambanci. Peter Hudson na kulob ɗin Hawthorn, wanda ya ci ƙwallo 150 cikin 1971, ya ji mummunan ciwo a gwiwa a wasan farko na 1972, ya yi shekaru yana fama, amma ya dawo cikin 1977 ya ci 110.

Amsa ta biyu tana ga aljihu. Ko da yake ana biyan 'yan wasa a zamanin Coleman, kuɗin ba na rayuwa ba ne. Tun 1930 gasar ta kafa wata doka da ake kira dokar Coulter, wadda ta ƙayyade abin da kulob zai biya ɗan wasa, a farko fam 3 a kowane wasa, don kada kulob masu arziki su saye gwanaye duka. An riƙa ƙara kuɗin kaɗan-kaɗan, amma dokar tana aiki a duk tsawon wasan Coleman. Ma'anar wannan ita ce, mutumin da dubbai suke biyan kuɗin ƙofa don su gan shi, a bisa doka abin da zai karɓa bai wuce na sauran abokan wasansa ba. Kowane ɗan wasa yana da aikin da yake yi da rana, wani akawu, wani malamin makaranta, wani leburan tashar jirgin ruwa, ya je atisaye da yamma ran Talata da Alhamis, ya buga wasa ran Asabar.

Shi Coleman harkar otal ya shiga, irin otal-otal na Ostareliya inda ake saukar baƙi ana kuma sayar da abinci da abin sha. Ya fara da riƙe na wani, daga bisani ya koma riƙe nasa. Ya yi aure cikin 1955, ya sami 'ya'ya mata biyu. Aikin otal aiki ne na tsayuwa tun safe har dare. Saboda haka ne waɗansu suke ganin cewa ko da gwiwar ta warke gwargwado daga baya, lissafi bai ba shi ya sake kai ta fili ba. Zai jefa ƙafar da yake neman abinci da ita cikin haɗari ne saboda 'yan fam kaɗan a mako. Shekara da shekaru magoya baya suna sa ran ganinsa, ana ta raɗe-raɗin zai dawo, bai dawo ba.

Komawa Ta Wata Ƙofa

A ƙarshen 1960 Dick Reynolds ya sauka daga koyar da 'yan wasan Essendon bayan shekara fiye da 20, Coleman ya gaje shi cikin 1961 yana ɗan shekara 32. Sau da yawa gwanin wasa ba ya zama gwanin koyarwa, domin abin da ya zo masa a sauƙaƙe yakan kasa gane dalilin da ya sa yake yi wa wasu wuya. Coleman bai faɗa wannan rami ba. An san shi da tsare gaskiyar yaransa da tsaya musu, su kuma suka ba shi amana. A shekararsa ta biyu, 1962, Essendon ta ɗauki kofi, wadda ta doke kuwa a wasan ƙarshe ita ce Carlton, da maki 90 da 58. Cikin 1965 ta shiga wasannin fid da gwani tana ta huɗu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta doke St Kilda da maki 105 da 70, ta sake ɗaukar kofi.

Abu ɗaya da bai rabu da shi ba shi ne jin haushin alƙalan wasa. Ya shahara da yi musu faɗa daga gefen fili, waɗanda suka san shi kuma suna danganta haka ga irin dukan da ya sha ba tare da an kare shi ba, da kuma hukuncin 1951.

Lafiyarsa ba ta ba shi dama ya daɗe a wannan aiki ba. Tsohon ciwon gwiwa da daskarewar jini a jijiyar ƙafa suka dame shi, ya ajiye aikin a ƙarshen 1967. Ya koma Dromana, wani garin bakin teku da ba shi da nisa da Hastings, ya ci gaba da harkar otal. A can ne ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya ran 5 ga watan Afrilu, 1973, yana da shekara 44.

Abin Da Ya Bari

Cikin 1981 hukumar gasar ta ƙirƙiro lambar yabo ga wanda ya fi cin ƙwallo a zagayen kowace shekara, ta sa mata suna Lambar Coleman. Michael Roach na kulob ɗin Richmond ne ya fara karɓarta. Cikin 1996, sa'ad da gasar ke bikin kakar wasanta ta 100, aka zaɓi gwanayen ƙarni, mutum ɗaya a kowane gurbi, aka ba Coleman gurbin babban maciyin ƙwallo. A shekarar kuma aka sa shi cikin rukunin farko na mashahuran da aka fi girmamawa a zauren tunawa da gwanayen wasan. An kafa mutum-mutuminsa a Hastings, an kuma kafa wani a harabar babban filin Melbourne.

Wannan zaɓe ya jawo muhawara, domin akwai waɗanda suka fi shi yawan ci nesa ba kusa ba. Gordon Coventry na Collingwood ya ci 1,299 a wasa 306 kafin ya bari cikin 1937. Tony Lockett ya zo daga baya ya kai 1,360 a wasa 281, wanda shi ne mafi yawa har yanzu. Amma idan aka duba abin da mutum yake ci a kowane wasa, Lockett bai kai biyar ba, Coleman yana da 5.48, Peter Hudson kaɗai ya ɗara shi da 5.64. Masu sha'awar lissafi sukan ce, da ya ci gaba da irin wannan gudu, wasa 139 ne suka rage masa ya kamo Coventry, watau kimanin shekara takwas, lokacin yana ɗan shekara 33. Coventry kuwa sai da ya haura 35 yana wasa. Sai dai lissafi ne kawai, domin ba wanda ya san abin da jiki zai yi gobe, labarin Coleman kansa shi ne shaida.

Wani abin da ya ƙara wa sunansa armashi shi ne ƙarancin abin da ya rage na gani. Talabijin bai iso Ostareliya ba sai 1956, shekara biyu bayan wasansa na ƙarshe. Abin da ake da shi 'yan gajerun finafinai ne na labarai da hotunan jarida, mafi yawansu suna nuna shi a sama, ƙafafunsa sun wuce kafaɗun mutane, hannuwansa a miƙe. Sauran kuwa a bakin tsofaffi ya rage, su ma suna ƙarewa.

'Yan wasan AFL na yau sun sami abin da Coleman bai samu ba. Wasan ya zama cikakkiyar sana'a mai albashi, suna da ƙungiyar kare haƙƙinsu tun shekarun 1970, akwai likitoci a gefen fili, alƙalai sun ƙaru, na'urorin ɗaukar hoto kuma suna kama mai naushi ta bayan fage. Duk da haka a kowace shekara ana ɗauke samari daga fili saboda gwiwa, waɗansu su dawo, waɗansu ke nan. Shi ya sa ƙungiyar 'yan wasan take matsa wa matasa su haɗa wasa da karatu ko koyon sana'a tun suna da ƙafafunsu. Coleman ya rasa wasa yana ɗan shekara 25, amma bai rasa abin yi ba, domin yana da sana'ar da ya koma ya riƙe iyalinsa da ita, yana kuma da ilmin wasan da ya kawo wa kulob ɗinsa kofi biyu daga gefen fili, ƙari a kan biyun da ya ci da ƙafarsa.